Tambaya da Amsa: Hoton Fuska ga Mai Neman Shiga Harkar Fim

Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan hoton da sabon ɗan wasa ke turawa idan za a yi tantancewa. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita su, kuma masu ɗaukar hoto da masu zaɓen 'yan wasa da ke taimaka wa wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

An ce in turo hoto domin tantancewa, sai na tura hotona na Sallah, ina tsaye da babbar riga kusa da mota. Ba a kira ni ba. Wane irin hoto ake nufi? — Wani matashi daga Kaduna

Ɗan'uwa, ba za mu ce hoton ne kaɗai ya hana a kira ka ba, amma bai taimake ka ba. A hoton da mutum yake tsaye daga kai har ƙafa, ga mota ga gini, fuska ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na fili. Mai zaɓe a waya yake dubawa, hotuna a jere kamar tambarin wasiƙa, yana ture su da yatsa. Idan sai ya buɗe ya ja hoton kafin ya ga idonka, wucewa zai yi.

Abin da ake nufi shi ne hoton kai da kafaɗa: daga ɗan sama da kai zuwa tsakiyar ƙirji, fuska tana kallon kyamara, idanu a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon hoton idan an auna daga sama, bayanka kuma babu abin da zai ɗauke hankali. Ba fasfo ba ne. Fasfo shaida ce kawai, fuska a sandare. Wannan kuwa ana so a ga mutum mai rai, wanda darakta zai kalla ya ce wannan zai yi malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, ko yayan amarya mai zafin kai.

Al'adar ta daɗe a waje. A Landan akwai kundin 'yan wasa mai suna Spotlight tun 1927, aikinsa tara hotuna da bayanan 'yan wasa domin masu zaɓe. A Amurka girman da aka saba shi ne inci 8 a faɗi da inci 10 a tsawo, wajen santimita 20 da 25, ana maƙala takardar tarihin aiki a bayansa. Da baƙi-da-fari ake yi, yanzu mai launi ya zama ƙa'ida. A nan gida, daga ofisoshin titin gidan Zoo a Kano har Kaduna da Jos, sanayya ta fi ƙarfi, kuma yawanci ta waya ake tura hoto. Sai dai sabon shiga ba shi da sanayyar, hoton ne ke yi masa sallama. Ka ajiye ɗaya na tsaye a gefe, sanye da kaya marasa yawa, domin wani lokaci ana tambayarsa don a ga tsawo da jiki, amma na fuska shi ne gaba.

Ba ni da kuɗin zuwa situdiyo. Zan iya ɗauka da waya? — Ɗalibi daga Zariya

Za ka iya, kuma hoton waya da aka ɗauka da hankali ya fi na situdiyon da aka lafta wa gyara. Amma ba kai za ka riƙe wayar ba. Salfi yana ɓata fuska, kuma dalilin tazara ce. Idan waya tana nisan hannu, kamar santimita 50, hanci ya fi kunnuwa kusa da ita sosai, sai ya fito ƙato, goshi ya kumbura, kunnuwa su ɓace. Ka ba wani ya tsaya nesa da kai mita 2, ya yi amfani da kyamarar baya, ya danna 2x ko 3x idan wayar tana da shi. Idan ba ta da shi, ya ɗauka daga mita ɗaya da rabi, daga baya a yanke hoton. Kada a ja hoto da yatsu biyu har ya wuce ƙarfin wayar, dishi-dishi zai yi. Wayar ta kasance daidai tsayin idonka. Daga ƙasa haɓa da ƙofofin hanci za a gani, daga sama kuma za ka koma kamar yaro mai roƙo.

Sai haske, wanda shi ne rabin aikin. Wurin da ya fi kowane sauƙi a gidajenmu shi ne bakin zaure ko bakin ƙofar ɗaki. Ka tsaya taku ɗaya daga ciki kana fuskantar waje, mai ɗauka yana waje ya ba haske baya. Rufin ya tare ranar da ke dukan ka daga sama, haske mai laushi yana shigowa daga gaba, cikin zauren kuma ya zama bango mai ɗan duhu ba tare da an kashe ko sisi ba. Ka duba hoton: idan akwai ɗan ɗigon haske a cikin kowace ƙwayar ido, an dace. Idon da babu wannan ɗigo a mace yake fitowa.

Lokaci ya zama daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, ko bayan la'asar daga 4:30 zuwa kafin magariba. Ranar tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, tana kuma sa mutum ya yamutse fuska. Mutane suna gudu gindin darbejiya don inuwa, amma hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, wani lokaci har da ɗan kore-kore. Inuwar bango ta fi. Ranar da hazo ya sauka a lokacin hunturu kuwa, sama gaba ɗaya ta zama fitila mai laushi, sai dai a kula da bushewar leɓe da fata.

Idan gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, a samo farin kwali ko farin zanen gado, wani ya riƙe shi a wannan gefen, wajen rabin mita daga kunci, zai mayar da haske. A kashe filashin waya. A kashe ƙwan lantarkin ɗaki ma, domin haɗuwar haskensa da na rana tana sa rabin fuska ya yi ruwan ɗorawa, rabi ya yi shuɗi. Ka matsa gaba daga bango mita ɗaya ko biyu don kada inuwarka ta manne a kansa.

Kafin a fara, a goge idon kyamara da gefen riga mai laushi, maiƙon yatsa shi ke sa hoto ya yi kamar an ɗauka cikin hayaƙi. A shiga saitin waya a kashe gyaran fuskar da ke zuwa a kunne a wayoyi da dama. Tsarin nan mai dusar da baya shi ma a yi hattara da shi, yakan cinye gefen hula ko kunne. A taɓa fuska a allon waya domin ta daidaita haske a kanta. A ɗauki kamar hamsin, a zaɓi biyu.

Ni baƙa ce. Mai hoto ya ce zai ɗan haska ni a kwamfuta, ya share min ƙuraje da tabo, wai masu haske aka fi ɗauka. In yarda? — Wata mai karatu daga Kano

'Yar'uwa, kada ki yarda. Ki yi tunanin ranar tantancewa: an kira ki saboda hoto, kin shiga ɗaki, mai zaɓe ya dubi waya ya dube ki, ya ga mutum biyu. A nan kin yi asara iri biyu. Rol ɗin da aka kira ki dominsa, wato rawar da za ki taka a fim, na waccan ta cikin hoton ne, ba naki ba. Wanda kuma ya dace da ke, an riga an kira wasu, tun da babu wanda ya san ainihin kamanninki. Ga shi an ɗauke ki a matsayin wadda ba ta faɗin gaskiya tun kafin ki buɗe baki. Kyamarar fim ba za ta bi ki da gyara a kowace fitowa ba.

Ba mu musanta cewa akwai masu shirya fim da ke fifita hasken fata. Akwai su, kuma wannan ɗabi'a ta jefa mata da yawa cikin shafe-shafen man bilicin, wanda ke barin gaɓoɓin yatsu baƙi da fuska mai launi biyu, abin da kyamara ke tonawa fiye da idon mutum. Amma hoto ba zai canza ra'ayin irin waɗannan ba, zai dai kai ki gabansu ki sha kunya.

Ga ma'aunin da masu sana'a ke bi: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, a iya share shi. Ƙurji da ya fito jiya, jan ido na rashin barci, zaren da ya maƙale a mayafi. Abin da yake naki na dindindin kuwa a bar shi: launin fata, tabon da ya zauna, wushirya, tawadar Allah, layukan gefen ido, siffar hanci da ta haɓa. Tsagar gado ma haka, wadda har yanzu ake gani a fuskokin mutanen Gobir da Katsina da Damagaram. Mai shirya fim na tarihi ko na karkara nema yake, mai ita kuma ya sa an goge. Idan an gama gyara ki ja hoton ki duba kunci. Idan ba kya ganin ƙananan ramukan fata, ta zama sumul kamar roba, an wuce gona da iri.

Akwai abin da ya kamata ki raba shi da haskawa, wato ba wa fata haskenta na gaskiya. Kyamara tana auna haske ne tana neman matsakaici. Idan kin sa farin mayafi ko kin tsaya gaban farin bango, sai ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, fuskarki ta nutse ta fi yadda take duhu. Maganinsa a wurin ɗauka yake: a auna haske a kan fuska, a ƙara hasken a saitin kyamara kamar rabin mataki zuwa mataki ɗaya, a kawo allon mayar da haske kusa. Baƙar fata tana son haske mai faɗi da ke zuwa daga gaba da ɗan gefe, wanda zai kwanta a kan goshi da ƙashin kunci ya fito da siffa. Mai hoton da ya ce sai a kwamfuta zai gyara wannan, bai iya haske ba ne.

Kwalliya kuma ki yi irin ta zuwa aiki, ba ta amarya ba. Hoda daidai launinki, ki duba ta a hasken rana a kan muƙamuƙi, kada fuska ta fi wuya haske. Kwalli siriri. Ban da gashin ido na kanti mai tsawo, yana rufe ido da inuwa, ban da gilashin cikin ido mai launi. Jan baki mai sanyi. Idan akwai maiƙo a goshi da hanci, a danna shi da tishu, kada a ƙara hoda a kan hoda. Maza ba su buƙatar komai sai wannan tishun da ɗan man kaɗanya a leɓe idan ana sanyi.

Wane kaya zan sa? Kuma in sa hula ko in cire? Matata ma tana tambaya game da mayafi. — Mai karatu daga Jos

Malam, kaya marasa ado, launi ɗaya. Shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, kore mai duhu, jan garura duk suna zama da fatarmu. Farar shadda mai sheƙi tana ƙona hoto, tana kuma jawo matsalar da muka faɗa a sama. Yadi mai ƙananan layuka a matse yana yin rawa a allo, wasu launuka su fito waɗanda babu su a jikin rigar. Atamfa mai manyan furanni, aikin wuya mai nauyi da riga mai rubutu duk suna janye ido daga fuska. A yi guga, wuyan riga ya zauna.

Hula ka yi biyu, ɗaya da ita ɗaya babu. Mai zaɓe yana so ya san ko kana da sanƙo ko suma, kuma a yawancin finafinan Hausa da hula za ka fito, don haka duka biyun suna da amfani. Ka ɗan tura ta baya kada ta sauko kan gira. Hular hana-sallah da baƙin tabarau a bar su a gida. Idan kullum da tabarau na magani kake yawo, ka yi ɗaya da shi, ka ɗan sunkuyar da gilashin ƙasa ta hanyar ɗaga hannayensa a bayan kunne don kada ya haska. Aski da gyaran gemu a yi su kwana biyu kafin ranar, sabon aski yana barin fata ja da layi mai kaifi.

Uwargida ta fito yadda za ta fito a fim, da ɗankwali ko mayafi ko hijabi, babu mai cewa sai ta buɗe kai. Sharaɗin shi ne goshi da gira da haɓa su fito, mayafin kada ya yi rumfa a kan ido. Ta guji ja mai ƙarfi ko ruwan lemo kusa da kunci, launin yana komawa kan fata. Ɗaurin ɗankwali mai tsayi na biki yana cin rabin hoto. 'Yan kunne ƙanana, sarƙa ko babu ma.

Kada a yi shigar rol, wato kakin ɗan sanda ko rawanin sarauta ko sandar tsoho. Kaftani mai kyau ya isa ya nuna magidanci, riga mai sauƙi ta isa ta nuna ɗalibi.

Da an ɗaga kyamara sai fuskata ta sandare, murmushin ya zama na dole. — Wata ɗaliba daga Maraɗi

Ƙanwata, wannan yana samun har waɗanda suka daɗe a sana'ar, domin a fim kina da abin yi da abin faɗa, a hoto kuwa an ce ki tsaya kawai. To ki ba kanki abin yi. Ki ɗauka idon kyamarar mutum ne da kika sani, ki riƙe magana ɗaya a zuci da kike faɗa masa: "na gane abin da kake ɓoyewa," ko "sannu da zuwa, mun daɗe muna jira." Ido yana bin tunani. Tsakanin ɗauka da ɗauka ki sunkuyar da kai, ki saki numfashi, ki ɗago. Hoton da aka ɗauka a daƙiƙar farko bayan ɗagowa ya fi wanda aka riƙe fuska ana ƙirga uku.

Jiki kuma: ki juya kafaɗa kaɗan daga kyamara, fuska ta dawo gare ta, ki saki kafaɗun ƙasa. Ki ɗan miƙo goshi gaba kamar kunkuru sannan ki sauke haɓa kaɗan. Za ki ji kamar kin yi abin dariya, amma shi ke fito da layin muƙamuƙi. Hannu kada ya shigo, babu tagumi. Ki nemi hotuna iri biyu, ɗaya da fara'a har haƙora, ɗaya a natse. Natsuwa ba ɗaure fuska ba ce. Kuma ba ke za ki yi zaɓen ƙarshe ke kaɗai ba, kowa wanda ya fi kyau a ciki yake ɗauka. Ki nuna wa wanda ya san ki kuma ba ya jin kunyarki, ki tambaye shi wanne ne ya fi kama da ke.

Na tara kuɗi zan je wurin mai hoto. Me zan duba, me zan tambaya? — Wani daga Sakkwato

Ka ce ya nuna maka hotunan fuska da ya yi, ba na biki ba. Gwanin biki aikinsa ya ƙawata mutane, kai kuma ba wannan kake saye ba. A cikin samfurin ka duba abu uku: idanu sun fito tar, fata tana nan da ƙirarta, kuma mutanen ba su zama launi ɗaya duka ba. Ka nemi ganin wanda ya yi wa mai irin fatarka.

Idon kyamarar da aka fi amfani da shi mai milimita 85 ne zuwa 135, ko mai 50 a kan ƙananan kyamarori, daga nisan mita 2 zuwa 3. Masu hoto da yawa suna son buɗe idon sosai har f/1.8 (ma'aunin buɗewar ido ne, ƙaramar lamba tana nufin buɗewa mai faɗi) don baya ya narke. Da mai milimita 85 a nisan mita 2, abin da zai fito tar a wannan buɗewa bai wuce zurfin santimita 6 ba, sai ka ga ido ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, kunne kuma babu labari. A f/4 zurfin yana kai wajen santimita 13, fuska duka ta samu. Lokacin ɗauka kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa, kuma a saita kyamara a kan idon da ya fi kusa domin ya fito tar.

Ku yi magana kafin ka biya: kaya kala nawa, hotuna nawa zai gyara, yaushe zai bayar, zai nuna maka a allo ana cikin ɗauka, zai ba ka cikakken fayil ba tare da tambarinsa a kan fuska ko ƙirji ba, kuma ko ka amince ya sa hotonka a tallarsa. Ku rubuta, ko da a saƙon waya ne. Ka ce ya bar fili a sama da gefe, domin kyamara tana ɗauka ne a ma'aunin 2 da 3, hoton inci 8 da 10 kuwa 4 da 5 ne, idan an matse babu wurin yanka. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa kaya biyu ko uku. Ka yi barci sosai a daren, kada ka zo da yunwa.

Na tura hoto mai kyau ta WhatsApp, amma da na gani a wayar abokina ya dushe. Kuma wani ya ce in biya kuɗi ya yi min hoton rajista ya sa ni a fim. — Mai karatu daga Kumasi

WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto. Ka tura shi a matsayin takarda, ta wurin alamar maƙala fayil, zai isa yadda yake. Kada ka ɗauki hoton allo ka tura, kada kuma ka sauko da shi daga Facebook, an riga an matse shi a can. Idan za a wanke a inci 8 da 10, ana buƙatar fiksel 2400 da 3000. Ka sa wa fayil ɗin sunanka, ba tarin lambobin da kyamara ta ba shi ba, ka haɗa da tsawonka, garin da kake da harsunan da kake ji. Hoto biyu sun isa sai in an nemi ƙari. Ka sabunta shi duk shekara biyu, ko da zarar ka tara gemu, ka aske suma, ka yi ƙiba ko ka rame. Na yara kuwa duk shekara, da sanin iyayensu kuma a gabansu.

Maganar mai neman kuɗi, ka raba abu biyu. Biyan mai hoto ladan aikinsa daidai ne. Rajista da ƙungiyar sana'a ko hukuma ma akwai ta, a Kano misali akwai Hukumar Tace Finafinai ta jiha da aka kafa a 2001, kuma irin wannan a ofis ake yi a karɓi rasit. Amma wanda ya haɗa hoto da alkawarin rol, ya ce sai a wurin mai hotonsa kaɗai, kuɗin kuma a asusunsa na kansa, hoto yake sayar maka. Ka tambaye shi sunan kamfanin, inda ofishin yake da aikin da suka taɓa fitarwa, sannan ka bincika da kanka. Idan aka nemi hoton da ya wuce na fuska da na tsaye cikin sutura, ko aka ce tantancewar a ɗakin otal za a yi, kada a tura, kada a je.